Babi na Bakwai: Wa Ya Riga Ni Karanta Shi?

"Yaya yake? Yana da daɗi?"

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da littattafai a kasuwar Haɗejiya, ko ya miƙa hannu zai ari littafi a wurin aboki, ya yi wannan tambaya ko an yi ta a kunnensa. Budurwar da ta zo karɓar littafin hikaya haya ba ruwanta da shekarar da aka buga shi. So take ta ji ko labarin zai riƙe ta, kuma ko an ƙare shi a nan ko sai ta nemi na biyu da na uku. Ɗalibi yana so ya san ko Turancin da ke ciki mai sauƙi ne ko kuwa sai da ƙamus a gefe. Magidanci kuwa damuwarsa ita ce ko littafin na shiga gida ne, wanda ransa ba zai ɓaci ba in ya tarar da shi a hannun 'yarsa.

A babin da ya gabata mun ga yadda katalog, wato kundin da laburare ke jera sunayen littattafansa a ciki, ya bar akwatin katako mai cike da katuna ya koma cikin kwamfuta, har ta kai mutum yana kwance a ɗakinsa zai duba waya ya san ko littafi kaza yana kan kanta. To amma ko a kati ko a waya, katalog bai taɓa amsa waccan tambaya ba. Mai amsa ta shi ne wanda ya riga ka karantawa. Shi ya sa tun tsakiyar shekarun 2000 ma'aikatan laburare a ƙasashe da dama suke ta ja-in-ja a kan abu guda: a buɗe wa masu karatu fili a ƙarƙashin sunan kowane littafi su rubuta yadda suka same shi, ko kuwa a bar katalog yadda aka gaje shi, ba mai sa masa alƙalami sai ma'aikaci?

Inda katalog ya tsaya

Katalog zai ba ka sunan marubuci da sunan littafi, da maɗaba'a, da shekara, da yawan shafuka, da lambar da za ta kai ka kantar da yake. Zai gaya maka ko yana nan ko wani ya ara. Daga nan sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Shirun nan kuwa da gangan ne. An horar da ma'aikacin laburare ya bayyana littafi ba tare da ya yanke masa hukunci ba, domin ɗakin na kowa ne, kuma da ɗan Izala da ɗan ɗariƙa da wanda ya zo neman littafin lissafi duk kujera ɗaya za su zauna. Ranar da ma'aikaci ya fara rubuta wa littattafai "wannan mai kyau, wancan shirme", ranar rabin masu zuwa za su ɗauke ƙafa.

Sai dai hakan ya bar mai karatu da saura. Manomin shinkafa a Auyo in zai sayi iri, takardar jikin buhu za ta gaya masa sunan irin, a ce Faro 44, da kamfanin da ya sarrafa shi, da nauyinsa. Ba za ta gaya masa yadda ya yi a gonar da ke gefen tasa bara ba, ko ya kwanta da iska ta kaɗa, ko ya jure kwanakin da ruwa ya yi a kansa. Wannan sai ya tambayi maƙwabci. Katalog takardar jikin buhu ce. Abin da ake magana a kai shi ne a liƙa maganar maƙwabcin a ƙarƙashinta.

Bakin takarda

Wasu za su ɗauka wannan sabon salo ne da intanet ta zo da shi. Wanda ya zauna a zauren malami ya san ba haka ba ne. A buɗe tsohon kwafin Iziyya ko Risala ko Askari da aka rubuta da hannu, za a ga mai kwafa ya bar tazara tsakanin layuka, ya kuma bar fili mai faɗi a gefe. Ba ɓarnar takarda ya yi ba, don a wancan zamani takarda tsada gare ta. Ya bar wa mai karatu wurin magana ne. Nan almajiri zai rubuta ma'anar kalma mai wuya da ajami, nan zai sa abin da malaminsa ya faɗa a kan mas'alar, nan wani da ya zo daga baya zai gyara kuskuren mai kwafa. Littafi ɗaya sai ka ga tawada kala uku, hannu huɗu, wasu ma jika ne yake amsa wa kakansa.

Haɗejiya tana kan hanya tsakanin Kano da Borno, kuma a Borno wannan al'ada ta yi zurfi ƙwarai. Akwai tsofaffin Alƙur'anan Borno da aka cika tsakanin layukansu da bayani cikin tsohon harshen Kanembu, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 1669. Wani lokaci rubutun gefen yakan yi girma har ya zama littafi mai zaman kansa. Hashiyar Sawi a kan tafsirin Jalalaini, wadda malamanmu ke buɗewa duk azumi, sunanta ma, hashiya, wato rubutun gefe, ya nuna daga inda irinta ta samo tushe. Ga kuma taƙarizi, inda malami zai karanta littafin wani ya rubuta shaidarsa, a haɗa da littafin domin na baya su san wa ya gani ya amince.

Bambancin kawai shi ne a can ba kowa ke da alƙalami ba, sai mai ilimi. Da laburaren zamani ya zo kuma sai ya hana rubutu a jikin littafi gaba ɗaya, kuma yana da hujja, domin kwafi ɗaya ne mutum ɗari za su ara. An kare takardar, amma an rufe wa mai karatu baki.

Wasiƙu a bayan littafi

Bakin bai rufu ba, wuri ya sake. Lokacin da littattafan hikaya suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, marubuta sun riƙa sa adireshinsu a jikin littafi, masu karatu kuma suka riƙa aiko da wasiƙu. Wani ya yaba, wata ta yi ƙorafin an zalunci tauraruwar labarin, wani ya ce abin da ya faru da shi ke nan sak. Marubuta da dama sukan zaɓi wasu wasiƙun su buga a littafi na gaba. A gefe guda kuma masana suna tasu fafatawar a jarida, tun daga 1991 a Nasiha, daga baya a New Nigerian, inda Ibrahim Malumfashi da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da wasunsu suka yi shekaru suna gardama a kan ko waɗannan littattafai adabi ne ko kayan kasuwa.

Mai hayar littattafai na unguwa shi ne katalog mai baki na wancan zamani. Ya san wanda ake rububi, ya san wanda ake dawo da shi tun kafin la'asar, ya san abin da matan gidan kaza suka ce.

Yau abin ya koma waya. Marubuciya za ta saki shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, kafin ta ajiye wayar sharhi ya fara shigowa, har wasu kan yi barazanar dakatar da labari in ba su ga ana tofa albarkacin baki ba. Ke nan ba a rasa masu sharhi a ƙasar Hausa ba. Abin da aka rasa shi ne wurin ajiya. Sharhin da aka yi a rukunin WhatsApp yau, bayan mako guda saƙonni dubu sun binne shi, in waya ta faɗa ruwa kuwa shi ke nan. Ko manyan dandali ba su da tabbas. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka riƙa sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma tana aiki. Laburare ba ya da saurin WhatsApp, amma an gina shi ne don ajiya, kuma katalog yana da abin da rukunin hira ba shi da shi: yana ɗaure magana a jikin littafin da aka yi ta a kansa, duk wanda ya nemi littafin bayan shekara ashirin zai same ta a wurin.

Yadda abin ya shiga laburare

'Yan kasuwa ne suka fara. Kamfanin Amazon ya buɗe wa masu saye damar rubuta ra'ayinsu tun 1995, har wasu masu buga littattafai suka yi fushi, suna ganin ba a sayar da kaya ana barin mutane suna kushe shi a gaban shago. Sai ga shi jama'a sun fi amincewa da shagon saboda hakan. Sai dandalin masu karatu a intanet: LibraryThing ta biyo baya a 2005, Goodreads ta buɗe a 2007, kuma Amazon ta saye ta a 2013. Ganin masu karatu suna kwarara can, sai wasu laburarori suka ce su ma bari su gwada. Laburaren garin Ann Arbor a Amurka na cikin na farko, ya buɗe katalog ɗinsa ga sharhi da taurari, wato makin da mai karatu ke ba littafi, a 2007.

Ga laburare a Jigawa, abin da ya fi dacewa a sani shi ne ba sai an sayi wata manhaja mai tsada ba. Koha, wadda aka ƙirƙira a New Zealand a 1999 don wani ƙaramin laburaren gunduma, kyauta ce, jami'o'in Najeriya da dama da ita suke aiki, kuma wurin sharhi yana cikinta, kunna shi kawai ake yi. Mai karatu zai shiga da lambar katinsa, ya nemo littafin, ya rubuta abin da zai rubuta. Rubutun ba zai fito ba sai ma'aikaci ya duba ya amince. Laburare ne ke zaɓar ko a nuna cikakken sunan mai sharhi, ko sunan farko kawai, ko a ɓoye. Ta fuskar na'ura ke nan, aikin yini ɗaya ne. Wahalar tana wurin mutane.

Abin da mutumin fadama zai ƙara

Kafin mu je ga wahalar, bari mu tsaya a kan ribar, domin a wuri irin Haɗejiya ta wuce a ce littafi yana da daɗi ko babu.

A ce ɗaliba a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya, an ba ta aikin bincike a kan fadamar Haɗejiya da Nguru. Da wuya ta kauce wa littafin da ƙungiyar IUCN ta buga a 1993 a kan wannan fadama, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tsara. Littafi ne mai daraja. To amma an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuwa sai 1992, shekara guda kacal kafin littafin ya fito. Abin da ya biyo baya, yadda ruwan da ake saki daga madatsu rani da damina ya sa kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu rassan kogin, ta tura ruwa ya kwanta a gonakin da a da ake nomawa, mafi yawansa bayan an rufe littafin ya faru. Katalog zai rubuta 1993 ya wuce. Ba aikinsa ba ne ya ce wa ɗalibar ta yi hattara. Amma malamin gona da ya yi aiki a Guri ko Kirikasamma, ko ɗan masunci da ya yi karatu, zai iya barin layi uku: bayanin yanayin ƙasa da tarihin ruwan yana nan daram, amma abin da aka faɗa a kan inda ake noma da inda ake su ya canza, ki haɗa da rahotannin baya-bayan nan. Layi ukun nan sun tsare ta daga kwafo abin da kakarta ma ta san ya wuce.

Haka abin yake a tarihi, har ma ya fi. Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya juya wa Sakkwato baya a tsakiyar ƙarni na 19, ya tarwatsa rundunar haɗin gwiwa da aka tura masa a Gamon Kafur, ya kuma rasu a 1863, ba fuska ɗaya gare shi a littattafai ba. Wanda ya rubuta daga ɓangaren Sakkwato ko Kano ɗan tawaye yake gani. A Haɗejiya kuwa har gobe ana ba da labarin jarumtakarsa. Yaƙin 1906, da Turawa suka shiga garin, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan jarumansa, rahoton Bature daban, abin da zuriyar waɗanda suka faɗi a ranar suke riƙe da shi daban. Wani Ba'amurke, Victor Low, ya zo ya tattara tarihin baka na Haɗejiya da Katagum da Gombe, ya buga littafinsa a 1972. Daga bakin dattawan ƙasar nan ya ji, amma jikokin dattawan ba su da inda za su ce ga abin da aka ji daidai, ga sunan garin da aka rubuta a karkace, ga wani ƙaulin da ba a kawo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ban ce duk abin da ɗan gari ya faɗa gaskiya ne ba. Son gida yakan rufe ido, kuma "haka na ji wurin kakana" ba ya rushe binciken shekara goma. Amma mai karatu yana da haƙƙin ya san akwai saɓani, kuma ƙarƙashin sunan littafin ne wurin da ya fi dacewa ya ci karo da shi.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko tsohuwa ce, yabon kai. A 2004 wata tangarɗa ta faru a shafin Amazon na Kanada, sunayen masu sharhin da suka ɓoye kansu suka bayyana na 'yan kwanaki, sai ga marubuta suna yaba littattafansu da kansu. Kishiyarta kuma ita ce taron dangi. A 2023 marubuciyar Amurka Elizabeth Gilbert ta sanar da sabon littafi da labarinsa ya faru a Rasha, ɗaruruwan mutane suka ba shi tauraro ɗaya a Goodreads tun bai fito ba, saboda yaƙin Yukiren, har ta janye shi. Ba wanda ya karanta ko shafi ɗaya. Wanda ya san yadda magoya bayan marubuta ke yi wa juna a Facebook, ko yadda almajiran malamai ke yi, ba sai an ba shi labari ba. Laburare yana da kariyar da Goodreads ba ta da ita, domin mai kati kaɗai ke rubutu, kuma kati ɗaya mutum ɗaya.

Ta biyu tamu ce, kuma ni ita na fi tsoro. Ba zagi ba, kara. Haɗejiya gari ne da in ka bi salsala kowa ɗan'uwan kowa ne. Marubucin littafin nan malaminka ne a sakandare, ko surukin yayanka, ko limamin unguwarku. Wa zai sa sunansa ya ce babi na uku bai yi ba? Abin da za a samu shi ne abin da ake gani kullum a ƙarƙashin rubuce-rubuce: Masha Allah, Allah ya ƙara basira, Allah ya ja kwana, muna jiran ci gaba. Addu'a ce mai kyau, marubuci zai ji daɗi, amma wanda ya zo neman sanin ko ya ari littafin bai ƙaru da komai ba. Katalog da ya cika da "Allah ya ƙara basira" daidai yake da wanda ba a rubuta komai ba, sai ma dai ya ci wa mutum data.

Maganin wannan, a ganina, shi ne kada a miƙa wa mutum fili fetal a ce ya faɗi ra'ayinsa. A yi masa tambaya. Wa kake ganin littafin zai fi amfana? Wane sashe ya fi yi maka aiki? Akwai abin da ya tsufa a ciki? Mutumin da kunya ba za ta bar shi ya ce littafi bai yi ba, zai iya cewa ya fi dacewa da wanda ya riga ya yi nisa a fannin, kuma duk mai hankali ya gane.

Taurari kuwa ina da ja a kansu. A littafin hikaya ko na koyon kiwon kifi ba laifi. A littafin aƙida ko na siyasa, tauraro ƙuri'a ce kawai, ana ƙirga mabiya ne ba a auna rubutu ba. Da ni ne mai laburare, da na kashe su a nan na bar magana, domin mai magana dole ya kawo dalili.

Sai kuma sirri. Ƙa'idar aikin laburare ce ba a faɗa wa kowa abin da wani ya ara, ko miji ne ya zo tambaya a kan matarsa. Sharhi kuwa shela ce cewa na karanta. Matar da ta ari littafi a kan rashin haihuwa, ko haƙƙin mace bayan saki, ko ciwon damuwa, ita ce ta fi kowa sanin ko littafin ya taimaka, ita ce kuma ta fi kowa dalilin yin shiru. Ba a manta ba, a 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan makaranta a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A inda karatun wani littafi zai iya zama abin tuhuma, ba a tilasta wa mai sharhi ya fito da sunansa. Tsakiyar hanya ita ce laburare ya san ko wane ne ta hanyar kati, jama'a kuma su ga laƙabi kawai.

Mai tsaron ƙofa

Tunda sai ma'aikaci ya amince rubutu ke fita, to duk nauyin ya koma kansa. Zagi, ƙazafi, kafirta marubuci, tallar maganin gargajiya, lambar waya, waɗannan ba gardama, a cire. Gardamar tana wurin sukar da ba zagi a cikinta amma ta taɓa babba. A ce wani mai riƙe da muƙami ya rubuta tarihin rayuwarsa, an yi gagarumin bikin ƙaddamarwa, an kawo wa laburare kwafi hamsin kyauta, sai wani malamin makaranta ya rubuta cewa shekarun da ke babi na biyu sun saɓa wa juna. Ƙaramin ma'aikaci mai jiran ƙarin girma zai danna amincewa? In ba a rubuta ƙa'ida an manna a bango ba, wadda shugaban laburare ya sa wa hannu, ta fayyace abin da ake cirewa da abin da ba a taɓawa, to ba zai danna ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga nan tsaron ƙofa ya zama tace ra'ayi, masu karatu kuwa da sun gane yabo kaɗai ke wucewa sai su watse.

In ba wanda ya rubuta fa?

Wannan ce ta fi kashe irin wannan shiri, ba rigima ba. Wani masanin intanet, Jakob Nielsen, ya yi ƙiyasi a 2006 cewa a yawancin dandali, cikin mutum 100 kimanin 90 kallo kawai suke yi, 9 sukan tofa jefi-jefi, mutum 1 ne ke yawancin rubutun. Laburaren da ke da masu kati ɗari biyar da littattafai dubu goma zai shekara yawancin littattafansa ba ko layi ɗaya. A Turai da Amurka sukan cike giɓin ta hanyar jawo sharhi daga manyan rumbuna irin na LibraryThing. Wannan ba zai yi mana aiki ba, domin ba wanda ya tara sharhi a can a kan littafin Hausa da aka buga a Kano ko Gusau, balle ƙaramin littafin tarihin Auyo ko Birniwa.

Dole rumbun ya zama namu. Idan Hukumar Laburare ta Jihar Jigawa da Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Kafin Hausa da kwalejojin Haɗejiya da Gumel da Kazaure suka haɗa sharhinsu wuri ɗaya, abin da ɗalibi ya rubuta a Gumel zai amfani na Haɗejiya. Kuma kada a jira sai mai kwamfuta. A sa 'yar takarda a cikin littafi lokacin aro, in an dawo da ita da rubutu ma'aikaci ya shigar. A karɓi Hausa, da boko ko da ajami, ko da littafin na Turanci ne, domin sau da yawa wanda ya sha wahalar Turancin shi ya fi iya gaya wa ɗan'uwansa inda zai fara. A karɓi saƙon murya, tunda mutanenmu sun fi sakewa da magana a kan rubutu. Malamin adabi a sakandare zai iya mai da shi aikin aji, yara arba'in su rubuta layi biyar-biyar a kan Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar, a zaɓi masu ma'ana a saka. Kuma a fara da littattafai ɗari da aka fi ara, kada a ce sai an bi dubu goman.

Duk wannan magana a kan littattafan da suka riga suka shiga katalog ne. Akwai wasu da yawa a masarautar Haɗejiya da ba su da lamba, ba su da kati, ba kwamfutar da ta san da zamansu: rubuce-rubucen hannu da ke cikin gafaka da adaka a gidajen malamai, da wasiƙun sarakuna, da waƙoƙin ajami da ba a taɓa bugawa ba. Suna zaune ne a ƙasar da ambaliya ta ci gidaje a 2020, ta sake dawowa a 2022. Yadda za a san abin da ke akwai, a ɗauki hotonsa, a shigar da shi kundi ba tare da an raba iyali da gadonsu ba, shi ne abin da babi na gaba zai duba.